Taswirar Mutari

Ɗan ƙanena Mutari ya dawo daga jami'a
da takarda mai faɗin tabarmar salla,
ya shimfiɗa ta kan buhun gero a zaurena.
Ya ce, "Baffa, ga jihar Damagaram na raba ta,
shuɗi na masu riƙau, ja na masu son canji."
Na ce bari in goge hannu, da man inji a yatsuna,
kar in shafa baƙi a kan kowa.

Birni ya ba shi shuɗi har bakin tsohuwar ganuwa.
Zango ja, Sabon Gari ja,
Magarya ja, don tana shan iskar iyaka,
Tanut da Gure shuɗi, wai nisa ya hana su motsawa.

Yaro, shekara talatin da ɗaya ina gyaran famfo.
Babu garin da ka shafa wa launi
da ban durƙusa a bakin rijiyarsa ba.
In famfo ya mutu, nan ake jin ra'ayin gari,
a layin jarka, ba a dandalin rawa.

A Birninka mai shuɗi akwai Hajiya Fassuma.
Ƙofarta ta katako ce tun ta kakan mijinta,
na ce a sauya, ta ce sai bayan ranta.
Amma ita ta sayar da akuya bakwai da kwallayen ɗakinta
ta kai jikoki mata huɗu lakwal.
Ta biyun yanzu ita ke sa hannu a takardar aikina.
Wane fenti za ka shafa wa wannan tsohuwa?

A Zango kuwa, Elhaji Nomau,
waya uku a aljihu, kaya daga Kano duk Laraba,
sabon abu bai kwana bai shigo shagonsa ba.
Ranar zaɓe inda ubansa ya dangwala nan yake dangwalawa,
kuma ɗansa mai furfura a gemu
ba ya zama kan kujera in ya zo gaisuwa.

Wani ƙauye bayan Magarya, ba zan faɗi sunansa ba,
sau uku suna kada wanda suka zaɓa da hannunsu.
Na ce a matsa da rijiya kamu goma, ƙasan nan ta gaji,
suka taso mini kamar na zagi kabari.
Na kwana biyu ina lallashi, na koma da bututuna.
Har yau suna jan laka suna kiranta ruwa.

Malam Kiyari na Gure ya ɗora faranti mai shan rana
bisa rufin ciyawa, yana karatu da fitilarsa.
Agali na Tanut ya tambaye ni abu guda:
wa zai buɗe burtalin da gonaki suka cinye?
Ko ja ne ko shuɗi, ya ce, raƙumi bai san launi ba,
hanya yake nema da inuwa.

Mutari ya ce, "To kai fa, Baffa?"
Na ce tambayi Barira, tana jinmu daga tsakar gida.
Rumfa ɗaya muke shiga, ita da safe, ni bayan azahar,
ta san ina soke mata ƙuri'a, na san tana soke tawa,
mu dawo mu ci tuwo ba a tada maganar ba.
Raba gidan nan biyu in kana iyawa.

Ya naɗe takardarsa yana ƙunƙuni.
Ashe babban yatsana ya riga ya sauka
wajen Damagaram Takaya, baƙi ƙirin.
Haka ya kai ta, ya samu sha huɗu cikin ashirin.
Malaminsu ya ce, wannan baƙin wane ɓangare ne?
Ya ce, nan famfonsu ya mutu tun watan jiya,
Baffana suke jira, da ruwa.