Likitar da Ta Tambayi Tafki

Shekara goma sha tara na tuƙa ta,
ni Manu direba, ita Likita Dudu,
daga Dukku zuwa Malala, daga Malala zuwa Hashidu,
hanyar da in damina ta kankama
jaki ma sai ya yi shawara kafin ya taka.

Ran da ta iso an share mata ofis,
an rataya labule, an aro fanka.
Ta ajiye jaka ta ce, "Ina kuke ɗiban ruwa?"
Muka dubi juna.
Mun san likita da allura da farar riga,
ba mu san likita mai tambayar tafki ba.

Muka kai ta.
Ruwan kore shar kamar miyar kuka,
shanu ta nan, 'yan mata da tulu ta can.
Ta tsuguna ta cika kwalba, ta ɗaga wa rana:
"Manu, zo ka ga mai kwantar da ƙarti.
Bai kai ƙwayar acca ba."

Zamanin nan kurkunu ke da gari.
Manomi a tabarma, gero na kiran fartanya,
farin zare na fita ta idon sawu,
ana naɗe shi a tsinke, yau kaɗan, gobe kaɗan,
kafin ya ƙare ciyawa ta gaje gona.

Ta raba ƙyallen tace ruwa gida gida.
Wani dattijo ya ce, "Yarinya,
kakanninmu sun sha ba su tace ba."
Ta ce, "Haka ne, Baba. Ara mini ƙafarka."
Ta ƙirga tabo bakwai, ba ta ƙara magana ba.
Washegari ya aiko jikansa karɓar biyu.

Tana da wani littafi mai shuɗin bango.
Ka ce mata, "Ƙyanda ta kwashe yara da yawa,"
sai ta ɗago: "Nawa? Wace unguwa? Wa sunansa?"
Ba ta yarda a binne yaro cikin "da yawa" ba.

Ba waliyyiya ba ce, kada in yi mata ƙarya.
Tana da faɗa.
Na makara minti goma, ƙanƙarar rigakafi na narkewa,
ta wanke ni tas a gaban 'yan tasha.
Ran nan kuwa mota ta kafe a rafi,
ta jiƙa mayafinta ta lulluɓe akwatin,
ta aza a ka, ta shiga gaba,
ni ƙato ina bin ta da takalmanta a hannu.

Shekarar amai da gudawa
aji biyu na firamare suka zama asibiti.
Gishiri, sukari, tafasasshen ruwa, cokali,
kwana tara tana barci a kan benci.
Da tagwayen Zange suka cika, dare ɗaya,
ta zaga bayan mota.
Na ji abin da na ji. Na yi kamar ina duba taya.

Yau ba ta nan.
Famfon da ta yi shekara shida tana rubuta wa takarda
sunan ɗan kwangila ne a jikinsa.
Amma Laraba da ta ɗauko daga tallar gyaɗa
ita ke karɓar haihuwa a Jamari,
kuma har gobe tana tambaya, "Nawa? Wa sunansa?"

Jiya jikata Ummulkhairi tana matsa mini ƙafa,
yatsanta ya tsaya a kan tsohon tabo.
Na ce, "Kurkunu ne."
Ta ce, "Kaka, mene ne kurkunu?"

Na buɗe baki in ba ta amsa,
sai na ji ina cewa,
Allah ya jiƙan Likita Dudu.