Layi Na Tara

A Tibilis, hawa na uku, saman gidan burodi,
inda ƙamshin tanda ke kutsowa ta tsagar katako,
Otar ya bar mini kujera mai gurguwar ƙafa,
da kofin shayi da ya yi kanta,
da manhajar ƙofofin tashar jirgin ƙasa
wadda ya yi shekara ashirin da shida yana kiwo.

A layi na tara ga lamba tsaye, ba uwa ba uba:
1297762625.
Ba suna, ba sharhi a gefenta.
Da ita kowane tikiti ke yin sallama,
in babu ita ƙarfe ba ya ɗagawa,
sai mutum ya tsaya da jakarsa yana zagin gwamnati.

Na tambayi Zurab. Ya ɗaga kafaɗa,
ya ce, Eteri, bar kaza cikin gashinta,
mai lambar yana ƙarƙashin ƙasa tun bara.

Daren Talata, ruwa yana dukan rufi,
na sa mata wuƙa, na ɓare ta gida huɗu
kamar yadda kakata ke ɓare ruman.
Saba'in da bakwai.
Casa'in.
Saba'in da uku, sai sittin da biyar.
Ashe kowace ƙwaya harafi ce da ta yi lulluɓi.

Sabon injinmu daga wutsiya yake fara karatu,
ya miƙo mini AIZM, na yi ta taunawa, ba gishiri.
Sai da na juya shi kamar riga
na ga fuskar ɗinkin:
MZIA.

Na san mai sunan.
Tana ƙasa da tafin ƙafata yanzu haka,
ta zura rabin jikinta cikin tanda,
gari har gwiwar hannu, furfura a ɗaure.
Shekara nawa Otar ke tsayawa a tagarta,
ban taɓa jin ya ce mata komai ba
in ban da "biyu",
ya ajiye kuɗi, ya hau matakala yana tari.

Aikina shi ne lamba ta karantu ga mai zuwa bayana.
Na goge goman nan, na jera haruffa huɗu a gurbinsu.
Inji bai ko ɗaga kai ba:
a wurinsa duk kanwar ja ce,
nauyi ɗaya, ɗaki huɗu, adadi bai motsa ba.
Mutum kaɗai ke ganin bambanci.
Shi ya sa yatsana ya daɗe a kan maɓalli.
Wa ya aike ni kwance ƙullin da wani ya ɗaure da haƙori?

Amma na tuna asubahin tasha,
dubban mutane da laima a jiƙe,
kowa ya taɓa kati, ƙarfe ya tambaya, wane ne?
a amsa da sunanta, a buɗe.
Duk garin nan da sunanta yake zuwa aiki,
ita ko jirgin ba ta shiga, a ƙafa take zuwa.

Na adana. Na kashe fitila.

Da safe na tsaya a tagarta.
Ta dube ni, tana karkaɗe gari daga zani.
Maganar ta zo har bakina, ta juya da wutsiya.
Na ce, biyu.