Makullin Akwatin Zumunta

Naira dubu ɗari biyu da arba'in.
Ko daga barci aka tashe ni zan faɗa.
Kuɗin ankon Kirsimeti ne na zumuntar mata,
daga bakin zanen mai ƙosai,
daga lalitar mai wankau,
ni ce ma'aji, makulli a wuyana, zare ɗaya da gicciye.

Na ce aro ne, ba ci ba.
Sati uku, in saro atamfa a Kwari,
in juya, in mayar, ko ƙuda bai gani ba.
Wanda na danƙa wa ya kashe waya.
Shagon da ya nuna mini, ashe na wani ne.

Wata biyar ban taka Sabon Gari ran Lahadi ba.
In lokacin sujada ya yi sai in tsiri wanki.
Na koma cefane a 'Yankaba da sassafe,
kaina a ƙasa kamar mai neman allura,
kada in ci karo da wadda ta san sunana.
Addu'a ma na daina.
Da wace fuska?

Ran wata Laraba, ana tsuga ruwan Agusta,
adaidaita ta tsaya a bakin kwatarmu.
Mama Lai'atu ce, da ƙafarta mai kumburi,
ta tsallako taɓo tana zagin gwiwarta.
Na ba ta kujera, ta zaɓi turmi.
Na jira wa'azi. Ta ce a ba ta ruwa.

Ta ce, "Tabita, mun yi ta a kanki har duhu.
Asabe ta ce sai ofishin 'yan sanda,
kuma ba ta yi ƙarya ba, guminta ne.
Ni dai na tambaye su:
mutumin nan da zakara ya tona wa asiri,
wa aka sake bai wa kiwon tumakin?
Aka yi shiru. Sai fanka."

Ta kwance gefen zane.
Makullai biyu, sababbi, da sauran maiƙo.
"Kwaɗo biyu muka sa yanzu.
Ɗaya nawa, ɗaya naki.
Dubu biyar duk wata har ki cike ramin.
Ba mu ce ba ki yi ba.
Cewa muka yi ba ki ƙare ba."

Ɗan ƙarfen nan ya fi buhun gero nauyi.
Da duka ta yi mini da ya fi sauƙi.

Na je. Na raɓe a bencin ƙarshe, jikin ƙofa.
Wata ta matsa, ba ta dube ni ba, amma ta matsa.
Bara tsohon anko muka ɗaura duka,
shuɗin da ya koɗe a kafaɗa,
ba wadda ta ce saboda wa.

Asabe har yau ba ta amsa gaisuwata da baki.
Amma jiya da za a ta da waƙa
ta turo mini tulun kiɗa da gefen ƙafa,
ta ce wa iska, "Hannuna ya gaji."

Saura dubu ɗari da tamanin da biyar.
Ina rubutawa da biro, a fili,
inda kowa zai gani.