Jinin Griselda

Kwana arba'in da uku da dashe.
Mu ba ma ƙirga wata, kwana muke ƙirgawa
kamar masu jego.
Na dawo daga asibitin Santiyago da jaka biyu,
ɗaya ta tufafi, ɗaya ta magani,
ta maganin ta fi nauyi.

Shekara ashirin da shida ina jan taragon
da ke hawa tudun Valparaíso da igiyar ƙarfe.
Na hau da amare, na sauko da mashaya.
Yau matakala goma sha tara ta ƙofar gidana
sai da na zauna sau uku.

Fresia ta kwashe tukwanen furanninta ta kai wa maƙwabta,
wai ƙasar cikinsu ta isa ta kwantar da ni.
Kyanwa ma ta yi ƙaura.
Ruwa sai an tafasa, tumatir sai an dafa,
ɗanyen kifi da lemun tsami na bakin teku
sai dai in gaishe shi ta taga.
Jikata tana ɗaga mini hannu a bayan gilashi,
hancinta na yoyo, don haka ba shiga.

Ɓargon da ke cikina na Griselda ne,
yayata.
Shekara goma sha ɗaya ba ma ga-maciji
a kan gidan da mahaifiyarmu ta bari.
Da aka gwada dangi kaf, ita kaɗai ta dace.
Ta zo, ta miƙa hannu awa biyar na'ura na tace jininta,
ta zura rigar sanyi, ta hau motar Temuco.
Ko sannu.

A kwana na talatin tafin hannuna ya yi ja,
ƙuraje suka bi wuya, suka gangara baya,
ƙaiƙayi kamar na kwana a gidan tururuwa.
Ciki ya ɗauki nasa, sau tara kafin asuba.
Idanuna suka bushe, ko kuka sai an ɗiga mini.
Likita Urrutia ta duba, ta ce,
"Sababbin ƙwayoyin ba su gane ka ba,
sun ɗauke ka baƙo a cikin jikinka."
Na yi dariya har gyambon bakina ya tsage.
Ai na san wannan hali.
Tun muna yara ba ta shiga ɗaki
ba ta sake wa kujeru wuri ba.

Aka ba ni maganin sulhu.
Fuskata ta kumbura kamar wata daren sha huɗu,
barci ya yi yaji, sukari ya hau,
cokali na rawa tsakanin kwano da baki.
Da aka kwantar da masu gadi, ɓarawo ya farka:
wata cuta da ta daɗe tana barci a jinina.
Ma'auni ya nuna talatin da takwas da ɗigo huɗu,
ƙarfe uku na dare Fresia na neman makullin mota
da takalmi wari ɗaya.

Na ce wa likita, a kashe faɗan nan gaba ɗaya mana.
Ta girgiza kai.
"Rage shi za mu yi.
Zafin ran nan nata shi ke farautar
ragowar sankarar da ta ɓuya."

Jiya takardar gwaji ta fito.
Kashi casa'in da takwas na jinina nata ne.
Na daɗe ina kallon jiragen ruwa suna sauke kaya,
sannan na danna lambar da ban taɓa gogewa ba.

Na ce, "Jininki yana cizona."
Shiru. Ina jin ruwan sama a kan kwanonta.
Ta ce, "Kana shafa man da aka ba ka?"
Na ce ina shafawa.
"Ƙarya kake, Eleuterio, har bayan kunne ake shafawa."
Wani shirun.
"Rufin gidan Mama yana yoyo.
In ka kai kwana ɗari, sai mu je mu duba."

Saura hamsin da bakwai.
Na ɗauko man, na fara da bayan kunne.