Mangalar Babur

Nomau mai walda ya rantse har da dafa ƙirji,
wai akwatin ƙarfe ne maganin doguwar tafiya:
kwado biyu, koren fenti,
ko kura ta gwada haƙori sai ta haƙura.
Na ce na ji.
Na naɗe ƙafar wando, na nuna masa ƙwaurina.

Wannan tabon, Nomau, aikin hannunka ne.
Bara waccan, a rairayin bayan Zango,
tayar gaba ta nutse, babur ya kwanta,
ƙasa ta tarbe ni da taushin hannu,
akwatinka ne bai yafe ba.
Wata biyu ina zarya gidan maɗori,
shi kuwa ko lotsawa bai yi ba.

Sai na gangara wajen dukawa a kasuwar Daura.
Tunau na zaune cikin warin jima,
basilla a baki, zare a babban yatsan ƙafa.
Na ce Agadas za ni,
ta Kongolam, ta Matamaye, in kwana Damagaram,
daga nan sai yadda hanya ta ga dama.
Bai ɗago ba.
Ya ce, babur ɗin nan naka jaki ne da ya koyi shan fetur,
abin da ubanka ya aza wa nasa
shi za ka aza masa.

Mangala ke nan.

Tampol ya yanka mai kauri, ruwan ƙasa,
ya bar mata dogon baki,
a naɗe sau uku, ruwa ya rasa ƙofa.
Maɗauri daga bel ɗin injin niƙa da ya yi ritaya.
Gefen salansa ya ɗinka mata tafin tsohuwar taya,
ya ce wuta ba ta san ɗinkin gwani ba.

Na ce, ɓarawo fa? Reza guda ta ishe shi.
Ya tofar da guntun zare.
Kwado ai mai kunya kaɗai yake hanawa.
Abin da ba ka iya rasawa, ɗaura shi a ƙugu,
sauran ka yi matashi da shi
ka yi barcinka.

Daren tafiya na gane mangala alƙaliya ce,
ba ta karɓar son kai.
Dama ta ɗauki tiyub da famfo,
filogi biyu, sifanu, da sarƙar ko-ta-kwana.
Hagu ta ɗauki riguna, dadduma,
garin kwaki da ƙuli-ƙuli.
Na ɗaga ta tsakiya: dama ta rinjaya.
Na sauya, na sake, na yi tsaki.
Barira ba ta ce uffan ba,
ta shiga ɗaki, ta fito da ƙulli,
daddawa da kuka, wai na Yaya Ladidi ne,
shekara huɗu ba ta sha miyar gida ba.
Ta cusa a hagu.
Na ɗaga. Cif.
Har yau ina zargin ta auna tun shekaranjiya.

Da asuba na tura babur har bakin titi
don kada yara su farka.
Na bi ta gaban rumfar Nomau,
akwatunansa a jere, kowanne da kwadonsa,
cike ko wofi, girmansu ɗaya,
na san mutane irinsu.

Ita tawa za ta rame yadda zan rame.
Kowane zango in ci daga cikinta,
in ƙara tamke maɗauri, nata da nawa.
In mun faɗi, tare za mu faɗi,
mu karkaɗe, mu tashi.
Ka jira mu bayan salla, Nomau,
za ka gan mu mun zube, mun koɗe,
ba wanda ya karya wani.