Tsakanin Gilashi Biyu

Ƙarfe biyun dare a Grenoble,
tsaunuka sun toshe taga.
Maëlle ta ɗiga ruwa tsakanin gilashi biyu,
cikinsa ƙwayoyi, kafar allura ta fi su girma:
jajaye masu danƙo,
shuɗaye da ba ruwansu da kowa.

Ta kunna inji. Gilashin sama ya ja,
na ƙasa ya kafe.
Ruwan sama na gudu, na ƙasa na jan ƙafa,
dole kowa ya gogi kafaɗar wani.

Ja ya taɓa ja, ya riƙe.
Uku, goma, dunƙule,
suna mirgina kamar ana naɗe tabarma.
Shuɗi ya taɓa ja, ya sulale,
ba faɗa, ba sallama,
har shuɗaye suka jeru a gefe,
ba don suna son juna ba,
wurin da aka bar musu ke nan.

Ta ƙara gudu, dunƙule ya yage,
launuka suka gauraye.
Ta rage, suka sake rabuwa.

Wata bakwai ba ta kira ƙanenta Tanguy ba,
wanda ko a teburin Kirsimeti
can ƙarshe yake zama.
Ta ɗauki waya. Ta ajiye.
Injin dai bai daina juyawa ba.