Mai Wanki a Gaban Gishe

Shekara ashirin da biyu ina wanki a Bagalam,
sabulu ya cinye zanen yatsuna tas.
Da na ɗora babban yatsa bisa gilashin nan nasu,
na'ura ta ce ba ta ga kowa ba.

Yarinyar da ke gishe, Barira sunanta,
ba ta da laifi, har kujera ta jawo mini.
Ta ce, "Baba Arzika, kartarka ta mutu tun bara waccan."
Na ce to, ni dai ga ni.
"Takardar haihuwa?"
An haife ni shekarar da gulbi ya ci gonar kakana,
ungozomar ba ta taɓa riƙe biro ba.
"Takardar wuta ko ta famfo, mai sunanka?"
Wutata tocila ce, ruwana na ɗan ga-ruwa,
ɗakin haya ne, mai gidan yana Ƙwanni.

Sai ta karanto ta ƙarshe, ƙasa-ƙasa:
"Mene ne asalin kuɗin?"

Jikka tamanin da bakwai, ƙulle cikin ledar burodi.
Asalinsu wuyan riga,
hammatar kaftani, zanen gadon mai jego,
dala ashirin, dala talatin.
Ta ce doka ce daga sama,
saboda masu wanke kuɗin haram.

Dariya ta kuɓuce mini a tsakiyar banki.
Sau nawa na tsinci jikka a aljihun wando, jiƙe sharkaf,
na shanya ta bisa dutse,
na bi ta da guga,
na kai wa mai ita har gida?

Akwai wani da nake sa wa babbar rigarsa sitaci.
Ban taɓa ganinsa a layin nan ba,
ƙofar gefe ake buɗe masa.
Ban ce ɓarawo ne ba, ban sani ba.
Takardunsa dai sun fi rigar fari.

Na fito. Rana ta take.
Kuɗin mota zuwa kotu, shaidu biyu, tambur,
kwana uku ba wanki,
lissafin ya ƙi tsayawa.

Na mai da ledar cikin gwangwani,
na tona gindin randa kamar da.
Wancan karon gara ta ci mini jikka sha ɗaya,
ba ta nemi karta ba.

Gobe Alhamis, kayan Juma'a sun taru.